Na je Adar ganin ƙashin Samudawa

Kawuna da ke Tawa ba mai yawan kira ba ne, sai an yi haihuwa ko rasuwa. Shi ya sa da na ga kiransa har sau uku a yini ɗaya gabana ya faɗi. Ashe lafiya lau. Wani amininsa ne, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya a wani ƙauye ta wajen Keita, ya ce ya gano birnin Samudawa a bayan garinsu, da ganuwarsa da kushewunsa da ƙasusuwan mutanen da tsawonsu ya kai na giginya. "Kai da kake karantar da tarihi a Yamai," in ji kawu, "taho ka gani. In gaskiya ta, ka kai maganar inda ta dace. In ba ita ba ta, ka hwaɗa mishi da ladabi, don ni ma ya girme ni."

Ni ba masanin tonon kufai ba ne. Tarihi da labarin ƙasa na karanta a jami'ar Abdu Mumuni, sai dai mun taɓa bin malamanmu wani tono na ƴan kwanaki, muna riƙe musu igiya muna tankaɗe ƙasa da rariya. Iyakar jarina ke nan. Jajibirin tafiya na shiga Muze, gidan tarihin Bubu Hama, wanda yake nan tun 1959 amma rabona da shi tun muna yara ana kai mu kallon zaki. Wannan karon rumfar ƙasusuwa na nufa. Na daɗe tsaye gaban Uranosorus, dabbar da aka haƙo a Gadufawa, da ƙaton kadan nan da kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum, ina ɗaukar hoton gaɓoɓin bayansu. Daga nan na biya wajen abokin aikina mai koyar da ilimin halittu, na aro gaɓa ɗaya ta ƙashin bayan mutum, ta roba, daga kwarangwal ɗin da ake nuna wa ɗalibai. Na jefa ta cikin jaka tare da zaren awo da kaye sabo na rubutu.

Hutun Disamba ne, sanyi na shiga ƙashi. Ƙarfe huɗu na dare ina tasha, na biya jika goma da ɗoriya, muka yi asuba a kan tabarmin kamfani, motar ta ɗaga. Na yi niyyar buɗe ido a Kure ko zan hangi raƙuman dawa, barci ya ci amanata, sai a Doso na farka.

A wani shinge tsakanin Doso da Dogondutsi aka ce kowa ya sauka da katinsa a hannu, a buɗe jakunkuna. Jandarman da ya zo kaina yaro ne, bai fi ɗalibaina da yawa ba. Ya zura hannu ya zaro gaɓar nan ya ɗaga ta sama.

"Malam, wannan fa?"

Da na yi hankali da "roba" zan fara. Sai bakina ya riga ni, na ce, "Ƙashin mutum ne." Wata tsohuwa da ke bayana ta ce a'uzubillahi, layi ya dare kamar an jefa wuta. Na shiga rantsuwa, na nuna katin aiki, bai ko dube shi ba. Ya ƙwanƙwasa abin a kan bakin bel ɗinsa ya saurari ƙarar, ya juya shi ya ga layin da injin ya bari a gefe, ya kankare da farce. Sannan ya yi dariya ya miƙo mini, ya ce in riƙa fara magana daga inda ta fi sauƙi. Har muka kai Ƙonni tsohuwar nan ba ta yarda gefen zanenta ya taɓa jakata ba.

A Ƙonni na ci shinkafa da wake ta dala ɗari, mai abincin tana karɓar sefa da naira duka ba ta ko ɗaga kai. Muka wuce Tsarnawa muka karya arewa, nan ƙasa ta sauya fuska. Mutumin Yamai ya saba da kogi da yashi mai laushi. Nan kuwa jan dutse ne baƙi-baƙi shimfiɗe a kan fako, tsaunuka masu kai a daidaice kamar an aske su da wuƙa, sai can ƙasa cikin fadama ka hangi kore shar na albasa. Bayan Badagishiri na daina duba agogo. Kilomita ɗari biyar da hamsin ne ko kusa da haka, muka shiga Tawa la'asar sakaliya, ƙafafuna sun kumbura.

Gidan kawu na sauka, don haka masauki bai ci mini ko dala ba. Matar kawu ta dama fura da nono mai kauri wanda in ka sha shi za ka gane abin da muke saya a leda a Yamai ruwan wanki ne. Da dare aka kawo cuku da shayi. A unguwarsu kusan kowane gida mai ƙofar ƙarfe da fenti, in ka tambaya, sai a ce mai shi yana Abijan wajen biɗa. Kunnena kuma ya huta da Zabarmanci da Faransanci, ya koma "munka" da "sunka" da "wanga" irin na bakin mahaifiyata.

Kashegari muka shiga Hiyas ta ƴan kasuwa, mu ashirin da wani abu da buhunan taki, jika biyu kowa. Muka ratsa Tamaske, muka sauka a wata mararraba, kabu-kabu biyu suka ƙarasa da mu a kan hanyar da duwatsu suka fi ƙasa yawa.

Aminin kawun, duk garin Mushe suke ce masa, wato malamin lakwal, har jikokinsa. Dogo ne, siriri, da gilashi ɗaure da zare. Bai bari mun gama shan ruwa ba ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure aka fara fito da buhuna. Shekara ashirin yana tarawa. Akwai gatarin aradu guda uku, sumul kamar an shafa musu mai. Akwai tsingaro cike da ƙwarya, wasu da zanen da aka yi ta hanyar mirgina igiya a kan ɗanyen yumɓu. Akwai duwatsun wuya, da dunƙulen kashin maƙera, da wasu haƙora baƙaƙe masu ƙyalli da kaifi, da duwatsu masu siffar katantanwa sak. Daga ƙarshe ya shiga ɗaki da kansa ya fito da wani ƙunshi cikin farin ƙyalle, ya yi bisimilla ya kwance. Gaɓoɓin baya ne guda huɗu, kowace ta fi dunƙulen hannuna, sun zama dutse, nauyi kamar guduma. Likkafani ya yi musu, don a wurinsa mutane ne. Wannan ya kashe mini jiki, duk jawabin da na shirya a mota ya bi iska.

Sai na koma ga tambayoyin da aka koya mana, waɗanda ba su da daɗin ji. Baba, wannan a ina aka same shi? A sama yake ko an tona? In an tona, zurfin nawa? Me ke kusa da shi? Wa ya gani ban da wanda ya ɗauko? Kusan rabin kayan amsarsu ɗaya ce: yara ne suka kawo, yana ba su minti. Wane yaro, daga wane gefe, Allah masani. Sauran rabin kuwa sai ya jawo wasu kaye guda bakwai, irin na ƴan lakwal, ya buɗe. Rana da wata, taku nawa daga tsamiya, gabas ko yamma, zurfi kamu nawa, har da ɗan zanen wurin da jan bik. Hannun tsohon malami, babu kure ko ɗaya. Ban nuna masa ba a lokacin, amma zuciyata ta fi tsayawa a kan kayen nan fiye da duk abin da ke kan tabarma.

Na fito da gaɓata ta roba na ajiye gefen tasa. Ta mutum sama da ƙasanta a shafe suke kamar faifai, don a tsaye muke, gaɓa na zaune kan gaɓa. Tasa kuwa gefe ɗaya kwarmi ne kamar ludayi, ɗaya gefen ƙulli kamar kan taɓarya, ƙullin wannan na shiga kwarmin waccan. Ya juya su, ya daɗe yana dubawa, ya ce:

"Ɗana, kai ka taɓa ganin bayan Basamude? Wa yac ce maka irin namu na?"

Kawu ya yi gyaran murya, ya dube ni. Tambayar ba ta wasa ba ce. Na ce, "Baba, ban taɓa gani ba. Amma da gaɓar nan ta zo a shafe, da kun ce ga shi irin ta mutum. Ta zo da kwarmi, kun ce Samudawa daban suke. To wace siffa za ta zo da ita ku ce a'a, wannan ba nasu ba ne? In babu, ashe ƙashin bai ba da shaida ba, mu ne muke magana a bakinsa." Ban yi masa gardamar Samudawa ba, Alƙur'ani ya ambace su, malamai kuma sun ce a Hijir suka zauna, ƙasar Larabawa, suna sassaƙa gidaje cikin duwatsu. Maganata a kan gaɓa huɗun nan ce kawai.

Wanda ya raba gardamar ba ni ba ne. Wani maƙwabcinsa mafarauci da ke zaune bakin ƙofa ya tashi ba tare da ya ce uffan ba, ya dawo da busasshen bayan guza. Muka ɓalle gaɓa ɗaya, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Kwarmi a gaba, ƙulli a baya. Mushe ya ɗora ta a kan tasa, ƙarama kan babba, ya cire gilashi ya goge ya mayar. Zauren ya yi tsit.

Abin da ya ba ni mamaki, labarin tekun ya sani, shi da bakinsa ya karantar da shi. Shekara miliyan sittin zuwa saba'in da suka wuce, wani reshen teku ya rufe wannan yanki, ya haɗa da Sakkwato da gabashin Mali. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza ragowar halittun ruwan nan ce. A cikin jihar Tawa ɗin nan, a Igdaman, an haƙo wata dabbar teku mai jan ciki har aka raɗa mata sunan wurin, Igdamanosorus, kuma danginta da na guza ba su da nisa. Baƙaƙen haƙoran da Mushe ya tara na kifin teku ne, katantanwarsa ma ta teku ce. Ɗan Adam irinmu kuwa, mafi tsufan ƙashinsa da aka samu bai wuce shekara dubu ɗari uku ba sosai. Wato a buhu ɗaya ya haɗa abin da ya shekara miliyoyi, da gatarin dutse mai dubbai, da tsingaron da wataƙila ɗaruruwa ne, ya ɗinke su da labari ɗaya don a bayan gari ɗaya aka tsince su.

Da dare, ana shayi, ya ce to in ɗauki gatari ɗaya da gaɓa ɗaya in aika Faransa a sa su a injin da ke faɗin shekaru. Mutane da yawa haka suke zato, kamar sikelin mai nama. Na ce gwajin karbon 14, wanda Wilad Libi ya samu kyautar Nobel a kansa a 1960, abin da ya taɓa rai kawai yake aunawa: gawayi, ƙashi, ƙwayar hatsi. Daga ranar da abu ya mutu sinadarin yake raguwa, rabi a duk shekara 5730, in an kai wajen dubu 50 babu sauran abin ƙirgawa. Dutse ba ya gwaduwa da shi, ƙashin da ya zama dutse ma haka. Ko gawayin, shekarun icen yake faɗi, ba na tukunyar da ke gefensa ba, sai in an tabbatar a shimfiɗar ƙasa ɗaya suka kwanta, ba ruwa ne ya kwaso ɗaya ya jibge kan ɗaya ba. Kuma wannan tabbaci a cikin rami ake samunsa, kafin a ɗaga komai.

Na ba su labarin Gobero, can cikin Tenere, inda ayarin masani Pol Sereno suka je neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da a shekarar 2000 suka yi kiciɓis da maƙabarta mai kushewa wajen ɗari biyu. Al'umma biyu ne suka zauna bakin tabki ɗaya, fari na kusan shekara dubu ya raba tsakaninsu. A wata kushewa aka iske mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Na ce da yara ne suka kwaso ƙasusuwan nan a buhu don minti, da ƙashi za mu samu, rungumar ta tafi har abada. Mushe bai ce komai ba, ya miƙa kofinsa aka ƙara masa.

Da sassafe muka hau kufan. Tafiyar rabin awa ce, iska na yanka kunne. Kuma wurin na gaske ne, wannan ba ja. Tsingaro ko'ina, ba ka taka ƙasa sai ka taka shi. A gefe ɗaya tulin kashin maƙera ya kai gwiwa, da gutsattsarin bututun yumɓu da ake zuga wuta ta ciki, bakinsu ya narke ya yi gilashi. An narka tama a nan, ba kaɗan ba, kuma Adar dama an san ta da maƙeran tama. Sai dai duk tsakiyar wurin ramuka ne sababbi. Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014 injin neman ƙarfe ya cika ƙasar, wasu samari suka zo da nasu suna neman tulun zinariya. Ba su samu ba, sun dai fasa tukwane sun juye ƙasar sama ta koma ƙasa. Abin da ya ci Bura ke nan, wata tsohuwar maƙabarta a yammacin kogi wajen Tera: an gano ta a 1975, masanin tonon kufai Bube Gado ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983, aka san kushewunta sun faro tun wajen ƙarni na 3 miladiyya. Da aka nuna mutum-mutumin yumɓunta a Faransa sai ƴan sari suka afka wa yankin, har a 2000 aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka gargaɗi duniya da kada ta saya. Akwai dokar 1997 da ta hana tono ba izini, amma doka tana Yamai, injin yana ƙauye.

Nan ne ni ma na sha kunyata. Mushe ya nuna mini ganuwarsa, jerin duwatsu da ya bi gefen tsauni, wani wuri ya kai ƙugu. Na dube shi sau ɗaya na yanke hukunci. Na san tun 1984 aikin raya karkarar Keita ya jera duwatsu a tsaunukan nan don tare zaizayar ƙasa, mata ne ma suka fi yin aikin ana biyansu da abinci. Na ce, "Baba, wannan ai aikin furoje ne, bai fi ni shekaru ba." Na faɗe shi da murya irin ta aji.

Wata tsohuwa mai sassabar kara a ƙasa da mu ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Yaro, kai ka ɗauki dutsin ko ni? Namu ga su can." Ta nuna wasu layuka a ɗaya gefen, gajeru, suna bin kwanciyar tudu a jere kamar kunyoyin gona. "Da igiya anka gwada muna su. Wanga kau, kakata ta ce haka ta iske shi, nan suka ɓoyon awaki in an yi kururuwa."

Na je na duba da kyau, abin da ya kamata in fara yi. Nata gaskiya. Na furoje suna bin daidaiton ƙasa don su tare ruwa. Wannan kuwa yana hawa yana sauka, ya zagaye kan tsaunin, duwatsunsa manya ne sun nutse rabi cikin ƙasa, har wata tsohuwar aduwa ta tsiro ta tsakiyarsa ta ture su gefe. Na yi wa tsoho abin da na zo hana shi: na ga abu ya yi kama da labarin da ke kaina, na liƙa masa. Mushe kuwa har da tafi, "Ka ji ko! Samudawa!" Na ce a'a Baba, Inna ta kai mu kakarta, shekara ɗari da hamsin ke nan in an yi yawa, tsakanin nan da Samudawa akwai tafiya. Ƙasar nan ta ga yaƙi, tun kafin Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya karɓe ta daga hannun Kabi a 1674 har bayansa, kuma mutane sun sha hawa dutse don tsira. Zai yiwu nasu ne, zai yiwu ya girme su. Tsohuwar ta koma sassabarta ta bar mu.

Abin da ya fi komai daraja a kwazazzabon da ruwa ya yanka a gefen kufan muka gan shi. Bango ne tsaye ya fi mutum biyu, ƙasa hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Kamu biyu daga sama ga wani baƙin layi na toka da gawayi, tsingaro da kashin maƙera a cikinsa. Daga nan ƙasa wankakkiya ba komai. Can gindi farin dutse, katantanwa maƙale a jikinsa. Na tambaye shi inda gaɓoɓin suka fito. Ya buɗe kaye na huɗu, ya ƙirga taku, ya kai mu gindin, wajen farin dutsen. Rubutunsa ne ya kayar da maganarsa, kuma shi ya karanta mana da bakinsa. Ya kai hannu zai ɓanɓaro gawayin ya ba ni, na riƙe hannun. Muka ɗauki hoto da zaren awo a jiki, na ɗauki lambar wurin da waya, muka bar shi inda yake.

Kafin mu tafi ya yarda na ɗauki hoton kayen bakwai shafi-shafi, har batirin wayata ya mutu muka ƙarasa da ta kawu. Matarsa ta ɗaure mini albasa da ƙullin cuku. Gaɓoɓin ya mayar cikin farin ƙyallensu, ya ce ko na mene ne halittar Allah ce.

Dawowa ba abin faɗi, sai tayar da ta fashe mana kusa da Dogondutsi muka yi awa biyu a rana. Gaɓar roba kuwa a aljihu na sa ta.

Bayan kwana uku na kai hotunan wa wani tsohon malaminmu da ya yi aikin tono shekaru da yawa. Ya wuce shafukan Samudawa da sauri yana murmushi, ya wuce gatura, ya zo kan zanen kwazazzabon da jan bik ya tsaya. Ya faɗaɗa hoton da yatsa biyu, ya ce wa ya auna wannan. Na ce wani tsohon malamin lakwal ne. Ya ce in tambaye shi ko ruwan bana ya taɓa baƙin layin, kuma kada kowa ya sa masa hannu kafin a samu zuwa.

Na kira Mushe a daren. Ya ce layin na nan, ya sa an jibga ƙaya a bakin wurin, ya kuma daina ba yara minti. Gaɓoɓin ya yarda na dabbar ruwa ne. Ganuwa dai, in ji shi, har yanzu bai ga wanda ya kawo shaidar cewa ba Samudawa suka yi ta ba. Na ce ai wanda ya ce su ne shi zai kawo. Ya ce zai duba kaye na shida, kuma in akwai mai zuwa Tawa in aiko masa da zaren awo irin nawa, mai mita hamsin, don taku yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon ciwon gwiwa.